Muƙabalar da Kawu Ya Bar Mini

Kawu ya rasu ranar Juma'a da safe. Ya dawo daga masallaci, ya zauna yana jiran kununsa ya huce, shi ke nan. Bai yi jinya ba, bai ce wa kowa ga inda ke masa ciwo ba. Kafin hantsi gidansa na Tudun Wada ya cika, har sai da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar maƙwabta.

Ina cikin mata ina sauraron masu gaisuwa, sai na lura kowa da Kawun da ya zo yi wa ta'aziyya. Tsofaffin unguwa sun san ɗan gidan malamai da ya ƙi zaman zaure ya tafi aikin boko, kuma har ranar ba su gama yafe masa ba, ko da yake sun shaida bai taɓa rasa sahu ba. Matan ofishinmu sun san dattijon da ke hana shiga ɗakin na'ura da takalmi. Wata maƙwabciya ta yi kuka sosai, don shi ke karanta mata takardar asibiti. Can sai wata tsohuwa ta matso kusa da innata, wadda ita ce ƙanwarsa, ta ce, "Wai ni kam, mi shika yi can wurin aikin?" Inna ta share hawaye ta ce gadin kwamfuta. Tsohuwar ta riƙe baki ta ce, "Duk karatunai, gadi?"

Na so in gyara mata, na rasa ta inda zan fara. Shekara shida ina aiki a ƙarƙashinsa, kuma in aka matsa mini, amsar Inna ta fi duk wadda zan bayar kusa da gaskiya.

Ƙarfe takwas daidai wayata ta yi ƙara. Na ɗauka wani ne ke tambayar lokacin jana'iza. Da na duba sai na ga saƙo ne daga Mai-gadi, kuma ban taɓa samun saƙonsa ba a rayuwata.

A kwalejin da muke aiki akwai babbar kwamfuta da ke riƙe da sakamakon jarrabawar ɗalibai, ita muke kira saba. Ba ta da hotunan latsawa. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta umarni ta ba ka amsa. A cikinta Kawu ya girka wata 'yar manhaja da ya raɗa wa suna Mai-gadi. Kowace safiya Mai-gadi zai bi duk manhajojin da aka girka a sabar, ya ɗauki zanen yatsan kowane fayil, wato wata doguwar lamba da ke sauyawa ko harafi ɗaya aka taɓa a fayil ɗin, ya gwada da jerin asali da aka ajiye ranar da aka tabbatar komai lafiya. In sun yi daidai ya ce ba abin da ya sauya. In ba su yi ba ya faɗi sunan fayil ɗin. Ba ya faɗin wanda ya taɓa, ba ya faɗin dalili. Saƙonsa kuwa wayar Kawu kaɗai yake zuwa, tun kafin a ɗauke ni aiki.

Saƙon ranar ya ce fayil ɗaya ya sauya, kuma fayil ɗin saitin Mai-gadi ne shi kansa. Na karanta sau uku. Gawar Kawu na ɗaki ana shirin wanka, ni kuma ina zaune da waya a cinya ina tambayar kaina wa ya turo mini wannan, kuma me ya sa yau.

Bayan an dawo daga maƙabarta shugaban sashenmu ya aiko a kira ni soro. Ya yi mini gaisuwa yadda ya kamata, har idonsa ya yi ja. Daga nan ya rage murya ya tuna mini cewa ranar Alhamis za a saki sakamako, kuma ba a saki sai da takardar da Kawu ke sa wa hannu duk zango, mai cewa ba wanda ya taɓa sabar. Yanzu hannuna ake jira. Na gaya masa zancen saƙon. Ya ce ai akwai umarnin da ke sa Mai-gadi ya karɓi halin da ake ciki a matsayin sabon asali, in buga shi a wuce wurin. Gaskiya ne, akwai. Layi ɗaya ne, ko minti ba ya ci. Na ce masa to.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Kawu bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Shi ya tsaya mini a wurin Baba har aka bar ni na karanci kwamfuta, kuma da na dawo da takardar digiri ina ji da kaina, shi ya fara sauke mini girman kai. Makon farko ya ba ni fayil ɗin saitin Mai-gadi ya ce in tsara shi yadda na ga dama. A nan ake rubuta wuraren da zai duba, da waɗanda zai tsallake, da lokacin da zai tashi, da inda zai aika saƙo. Ni kuwa na ce tsaro ai ba ya yawa, na sa ya duba komai da komai, har da fayilolin da sabar ke rubuta tarihin aikinta, masu sauyawa kowane daƙiƙa. Washegari Kawu ya miƙo mini wayarsa. Saƙon ba shi da ƙarshe, na yi ta ja da yatsa har na gaji. Ya bar ni na gama jin kunya tukuna ya ce, "Uwata, kin sa mai gadinki shina ihu don akuya ta gitta. Ran da ɓarawo yaz zaka, wa za ya hito?"

Sai na koma ɗaya gefen, na yi ta tsallake wurare har saƙon ya zama tsaf. Kawu ya je ya sauya harafi ɗaya a manhajar da ke lissafa maki, ya jira kwana biyu, sannan ya tambaye ni ko Mai-gadina ya gaya mini wani abu. Bai gaya mini ba, don da hannuna na ce ya daina duba wurin. Ranar muka zauna muka bi fayil ɗin layi-layi. Duk wurin da za a tsallake sai na faɗi dalili da bakina, shi kuma ya rubuta dalilin a saman layin da yatsunsa biyu, don har ya rasu da yatsa biyu yake bugu. Kafin ya danna umarnin da zai sauya wani abu sai ya yi bisimilla a hankali. Da farko abin dariya yake ba ni, yanzu ni ma na kama kaina ina yi.

Akwai wani abu da bai taɓa gaya wa kowa ba. A shekarata ta farko na sabunta manhajoji, Mai-gadi ya kawo ƙara, na buga umarnin nan na karɓa ba tare da na duba ko ɗaya ba, na tafi gida. Asabar da Lahadi Kawu ya yi su a ofis yana sake girka komai daga tushe. Ranar Litinin abin da ya ce mini kawai shi ne na'urar sanyaya ɗakin ta fara ƙara, a kira mai gyara. Sai bayan wata biyu na ga tarihin aikin a sabar na gane. Ban yi masa godiya ba, don in na yi sai mun yi zancen, shi kuma a fili yake ba ya so.

Abin da ya fi bambanta shi da duk wanda na sani a aikin nan shi ne muƙabala. Ba ta masu jayayya a gaban jama'a nake nufi ba. A gidan kakanmu, in ɗalibi ya kwafi littafi da hannu, ba a ɗaukarsa littafi sai an zauna mutum biyu, ɗaya na karantawa da ƙarfi, ɗaya na bi da yatsa a ɗaya kwafin, in sun kai ƙarshe su sa alama a gefe. Kawu ya taso yana riƙe wa mahaifinsa kwafi, kuma da shi ya shigo ɗakin na'ura. Ya ce jerin asali a cikin sabar yake zaune, wanda ya iya shiga ya taɓa manhaja zai iya taɓa jerin, ya taɓa Mai-gadin ma. Don haka yake kwafe zanen yatsan jerin, da na Mai-gadi, da na duk fayil ɗin da muka sauya da gangan, a takarda. Lambar tana da gurbi sittin da huɗu, sai ya ja gida takwas tsaye takwas kwance, ya cika su da lambobin Larabci, haruffa shidan da ke ciki kuma ya rubuta su alu, ba, jim, dal, ha, wau. Duk Alhamis, da duk ranar da aka sauya wani abu, ni in karanta daga allo, shi ya bi da gindin biro. In mun gama ya sa alamarsa, in sa tawa, ya mayar da takardun tsohuwar gafakarsa, jakar littattafai irin ta malamai, ya tafi da su gida.

A kan wannan muka ɓata, mako biyu kafin rasuwarsa. A taron sashe na kawo shawarar a ajiye kwafin jerin a wata kwamfuta daban, su riƙa gwada juna da kansu. Shawarar ba ta da laifi, har yau ina ganin haka. Laifin yana inda na ƙara da cewa zamanin tawada da alƙalami ya wuce, kuma ba za mu yi ta karanta lambobi kamar masu tilawa ba. Aka yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya ce shi bai ƙi kwamfuta ta biyu ba, amma ita wa zai duba ta? Daga ranar ya koma kirana Injiniya. Alhamis ɗin da ta biyo na ce ina da aiki, muƙabala ba ta yiwu ba.

Alhamis ta ƙarshe na ɗauki hutu na tafi Wamakko bikin suna gidan wata ƙawata. Bayan azahar ya kira ni. "Uwata, in kin samu hali ki biyo mu yi muƙabala, 'yar kaɗan ta." Na ji ya dawo da kirana Uwata, na kuma ji daɗi, amma ban so in nuna da wuri ba. Na ce sai Litinin, Kawu. Ya ce Allah shi kai mu.

Litinin ɗin ni kaɗai na shiga ɗakin, na cire takalmi a bakin ƙofa. Na buɗe fayil ɗin saitin na gwada shi da tsohon kwafi. Layi ɗaya ne ya bambanta, inda adireshin Kawu yake an sa nawa, kuma an yi hakan ranar Alhamis da asusunsa. Mai hankali zai ce to ai Kawu ne. Ni ma na faɗa wa kaina haka, sai wata zuciyar ta ce yaushe Kawu ya taɓa sauya layi bai rubuta dalili a samansa ba? Yaushe ya taɓa sauya abu ya tafi gida Mai-gadi na ƙara? Shi da kansa ya koya mini cewa ɓarawon da ya san aiki saitin Mai-gadi yake fara taɓawa, kuma makon sakamako ne lokacin da ake gwada sa'a. In wani ya saci mabuɗin asusunsa fa, ya bar mini wannan ƙaramin sauyi in gani in huce, alhali ya gyara jerin asali ya ɓoye babban? Allon ba zai gaya mini ba, don allon nake tuhuma. Sai takarda, wadda na yi wa dariya a gaban mutane.

Na birkice ofis ban ga gafaka ba. Na tambayi Hajiya, matarsa, ta ce duk wani abu mai rubutun Larabci yayansa ya sa an kwashe tun ranar Asabar, kada yara su taka. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka littattafai take nufi, na ci gaba da neman gafaka a mota da ƙarƙashin gado. Kowace safiya ƙarfe takwas saƙon na zuwa, fayil ɗaya ya sauya. Shugaba ya kira ni Talata, ya kira Laraba sau biyu. Ɗalibai sun fara tsayawa a gaban allon sanarwa. Sau biyu na rubuta umarnin karɓa har ƙarshe, in tsaya ina kallonsa, in goge. Ban san ko tsoron ɓarawo ke hana ni ba ko tsoron Kawu.

Ranar Alhamis aka yi addu'ar bakwai. Ina rabon waina a cikin gida na ji mata na ƙus-ƙus, wai ashe marigayi yana da nasa sirrin. An samu hatimai cike da jaka, har da wani sabo a aljihun rigar da ya sa ranar Alhamis. Wata ta ce shi ya sa na'urarsa ba ta taɓa lalacewa ba, ɗanta ma ya roƙi a ba shi kwafi ya liƙa a shagonsa. Wata ta ce ita kam ba ta zaci haka daga mutumin da ke faɗa da masu bin bokaye ba. Hajiya ta ce abin da ya dame ta shi ne Malam, yayan nasa, ya kwana biyar yana lissafa su bai gane kansu ba, layukan sun ƙi haɗuwa, kuma gida takwas-takwas ne, irin da bai saba gani ba.

Na ajiye farantin a ƙasa. Tun Litinin ina neman abin da ke zauren Malam a babban gida, dattijo na can yana fama da shi, ni ina nan ina fama da rashinsa.

Malam ya haura tamanin, kuma ba ya sakin abin da bai san amfaninsa ba. Na durƙusa na yi masa bayanin saba da fayil da zanen yatsa, yana kallona kamar ina magana da wani yare. Ya ce ba zai ba mace mai ƙuruciya hatimin da shi kansa bai san me yake kira ba. Da na rasa yadda zan yi sai na ce, Malam, muƙabala ce. Asali na wurinku, kwafi na ofis, ba mai karanta mini.

Ya ɗago takarda ɗaya ya duba gefenta, inda alamomi biyu suke. "Wagga tashi ta. Wagga hwa?" Na ce tawa ce. Ya ce a nemo mota.

Bai taɓa shiga inda ƙanensa ya yi aiki ba sai ranar. Ya cire takalmi ba tare da an gaya masa ba, sanyin ɗakin ya sa ya ja rawani ya rufe kunne. Shugaba na tsaye a ƙofa da takardar sa hannu yana duba agogo. Na kunna sabar daga keɓaɓɓen faifan da Kawu ke ajiyewa don irin wannan rana, yadda ba abin da ke cikinta zai yi mini ƙarya. Na ce zan karanta ya bi. Ya ce a'a, mai asali ke karatu, haka aka yi a gidansu. Sai na gane shekara shida Kawu ya bar ni ina karantawa ne don kawai in ji ana yi da ni.

Muka fara da jerin asali. Malam na jan kowace lamba da muryar karatu, bakwai, alu, uku, uku, wau, ni ina bi da yatsa a kan allo. Gurbi sittin da huɗu, ba wanda ya kauce. Muka yi na Mai-gadi, shi ma daidai. Wato ba wanda ya taɓa jerin, ba wanda ya taɓa Mai-gadi, kuma gaskiya yake faɗa mini duk kwanakin nan, fayil ɗaya ne tak. Saura takardar aljihu, wadda gefenta ba alama ko ɗaya. Na kira zanen yatsan fayil ɗin saitin kamar yadda yake yanzu. Tun a layi na biyu na san za su haɗu, amma Malam bai yi sauri ba, ni ma ban ɗaga yatsa ba har gidan ƙarshe. Hannun Kawu ne ya yi sauyin, hannunsa kuma ya rubuta shaidarsa.

Malam ya kawo takardar kusa da idonsa ya ce akwai ajami a ƙasa. Na sha ganin irin rubutun a takardunsa, ban taɓa iya karanta hannunsa ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Ya karanta a hankali: "Na maida ma Uwata saƙo. Ba a yi muƙabala ba. Sai ta zaka."

Har yau ban san me ya sa ya yi ba. Hajiya ta ce lafiyarsa ƙalau ranar, ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Shugaba ya ce bai taɓa yi masa zancen barin aiki ba. Malam ya ce kada in ɗora wa ƙanensa sanin gaibu, wataƙila ya gaji ne kawai. Inna ta ce ban-haƙuri ne irin nasa, mutumin da bai iya cewa na huce da baki ba. Kowace na ɗauka sai in ga ta zauna, in an jima kuma ta tashi. Abin da na tabbatar kawai shi ne da gangan ya bar Mai-gadi na ƙara, don ba ya karɓar sauyi shi kaɗai ko da nasa ne, kuma ni yake jira.

Malam ya miƙo mini biro ya nuna gefen takardar. Na sa alamata. Ya daɗe yana kallon gurbin da ke samanta, sannan ya sa tasa a can ƙasa, ya bar gurbin yadda yake. Na yi bisimilla na buga umarnin karɓa, na rubuta dalili a saman layin, na sa wa shugaba hannu. Aka saki sakamako kafin la'asar. A mota Malam ya tambaye ni ko duk Alhamis ne, na ce e. Ya ce in riƙa aikowa a ɗauke shi, har in samu wani.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa abin da mala'iku suka rubuta masa ya yi daidai da abin da muka shaida. Na rubuta wannan ne don tsohuwar da ta yi tambaya ranar rasuwa, da duk wanda ya ɗauka hatimi ne.

Washegari Juma'a, ƙarfe takwas, wayata ta yi ƙara. Saƙon ya ce ba abin da ya sauya. Kwana bakwai ina roƙon Allah ya nuna mini wannan layin, da na gan shi kuma sai na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.